Gwaggo Naja da Garin Sheƙi

Kwana goma sha ɗaya Naja'atu ta yi a Kaduna, kuma jinya ce ta kai ta, wata ƙawarta aka yi wa aiki a ƙafa. Amma ranar da ta sauka a tashar Funtua, in ka ga takunta sai ka rantse daga wata babbar makaranta aka yaye ta. Ashe a gadon da ke kusa da na ƙawar akwai wata yarinya da ba ta da aiki sai kallon bidiyon gyaran fuska a waya, Naja kuwa ta riƙa leƙe ta saman kafaɗarta. Iyakar karatun ke nan. Da shi ta dawo tana cewa duk matan Funtua babu wadda ta iya wanke fuska.

Ba ta kwana biyu da dawowa ba ta faɗo gidan yayanta Malam Lawal, inda ake shirin bikin Sadiya. Saura mako guda a kai yarinyar Malumfashi, gidan Mus'ab, wani malamin gona da suka daidaita tun tana makaranta.

Sadiya ita ce 'yar farin Suwaiba, matar Malam Lawal. Suwaiba kuwa irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Shekara ashirin da biyu ba a taɓa jin sunan Sadiya ya fito daga bakinta ba, sai dai "ke yarinyar nan". Ko zazzaɓi yarinyar ta yi, sai ta aika a kira maƙwabciya ta duba ta, ita kuma ta laɓe bayan ƙyaure tana murza hannu. Maganar gyaran amarya kuwa ba ta uwa ba ce, ta gwaggo ce. Gwaggo kuma ita ce Naja.

Da hantsi Naja ta shigo, ta tarar da Sadiya a tsugune bakin rariya tana wanke fuska. Yadda ta saba kullum ke nan: sabulun salo safe da yamma, ɗauraya da ruwan randa, ɗan man kaɗe a murza a tafin hannu, kwalli, sai hodar nan ta ƙaramin gwangwani da ake sayarwa a kowane tebur. Fuskar sumul take, in ban da ƙurji guda ɗaya a haɓa wanda fargabar biki ta kawo.

Naja ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Me zan gani? Sabulun salo? A wannan zamanin?"

"Gwaggo, sannu da zuwa. Ai shi na saba da shi."

"Shi ya sa fatarki ta yi barci. Barci take yi, Sadiya, har da minshari. Gyaran fuska matakai bakwai ne." Ta ɗaga yatsu. "A wanke, a sirace, a kankare, a shafe, a rufe." Ta tsaya tana kallon hannun, yatsu sun ƙare. "Sauran biyun sirri ne, ba a faɗa a tsakar gida."

Suwaiba tana gindin turmi tana tankaɗe, ta ɗan yi gyaran murya.

"Naja, ni dai na ga kamar fuskar lafiya lau take."

"Wace fuskar, Yaya Suwaiba?"

"Ta yarinyar nan."

"Wace yarinya? Gidan nan cike yake da yara. Faɗi sunanta in ji."

Suwaiba ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe, duk da garin ya riga ya ƙare a rariyar.

"To kin gani," in ji Naja. "Uwar 'yar fari ba ta da baki a nan. Ki ji da tuwon baƙi. Ranar kamu in dangin ango suka ga 'yata, sai sun koma Malumfashi suna tambayar wa ya yi wannan aiki. Daga nan kuma sai shago a bakin titi, da allo mai fitila."

Allah ya taimaka ba da amarya ta fara ba. Ta ce sai ta sa hannunta ya faɗa tukuna, don haka ta kama Aisha Humaira, babbar ƙawar Sadiya, yarinya mai haƙuri da ba ta iya ce wa babba a'a. Aka zaunar da ita kan turmi, Naja ta ɓare sabuwar reza za ta daidaita mata gira. Ta ɗan rage ta dama, ta ja da baya ta duba, ta ga ta hagu ta fi tsawo. Ta rage ta hagu, sai ta dama ta fi kauri. Ta koma ta dama. Haka ta yi ta kai da kawowa kamar mai raba gardama, har aka nemi abin ragewa aka rasa. Goshin Aisha ya sauko har kan ido babu birki.

"Gwaggo, ina jin iska a wurin," in ji Aisha.

"Haka ake yi a Kaduna. Sai an share fili sannan a zana."

Ta ɗauko gazal ta zana. Ɗaya ta hau sama, ɗaya ta tsaya a inda Allah ya ajiye ta da farko. Maƙwabciyar da ta shigo aron taɓarya ta yi turus.

"Ke Aisha, me aka gaya miki kika yi mamaki haka?"

"Ba komai, Inna."

"To sauke girar mana."

"Ba ta sauka."

Naja ta yi tsaki ta ce idon ƙauye ne, ta buɗe jaka ta fito da kwalbar fandeshan, hodar nan ta ruwa. A shagon Ebuka ta saye shi a kasuwa. Ebuka, wanda aka haifa a Funtua kuma ya san kalar matan garin fiye da ita, ya ce mata wannan na farare ne tas, ta ɗauki mai duhu, ga shi ma ya fi araha. Ta ce masa shi sayarwa ya iya, ita kuwa karanta abin ta yi. Ta lafta wa Aisha tun daga goshi har haɓa, ta tsaya cak a nan. Fuska ta fito fat kamar an tsoma ta a garin rogo, wuya kuma yana nan baƙinsa na gado.

Daidai nan Malam Lawal ya yi sallama ya shigo da buhu a kafaɗa. Ya kalli wadda ke kan turmi, ya ja da baya, ya fita ya dubi ƙofar gidan, ya sake shigowa.

"Baƙuwa muka yi?"

"Baba, ni ce Aisha."

"Subhanallahi. Allah ya ba ki lafiya."

Aisha ta fashe da kuka. Hawayen suka sauko suka buɗe hanya biyu a cikin farin, kamar an ja garma a sabuwar gona. Tun daga ranar ɗankwalinta bai sake tashi daga kan idonta ba.

Suwaiba ta bi mijinta har zaure.

"Malam, ka yi wa ƙanwarka magana."

"A kan me?"

"A kan fuskar mutane."

"Waɗanne mutane?"

Ta kau da kai. Ya gane, ya yi dariya.

"Harkar mata ce wannan, Suwaiba. Ni masarata tana can hanyar Bakori ba a gama sussuka ba. Naja ai ba za ta cuci 'yarta ba."

"Ba ta cuci Aisha ba?"

"Gira ai tana tsirowa," in ji shi, ya hau babur ya tafi.

Naja ta ga kuskurenta guda ɗaya ne, wai ta dogara da kayan kanti. Ta ce na amarya da hannunta za ta haɗa, kuma ta riga ta raɗa masa suna, Garin Sheƙi. Ta tara shinkafa, kurkur, hulba da busasshen ɓawon lemo a cikin roba mai murfi, ta yi ta yawo da ita a hammata tana cewa kowa ya matsa kada ya ga sirri.

Ranar Laraba Suwaiba ta kai masarar tuwon biki injin Bature mai niƙa. Duk unguwar an san tsarin Bature. Inji biyu gare shi, babba na hatsi, ƙarami na kayan yaji. In an niƙa barkono a ƙaramin, ba ya zuba wa kowa komai sai ya wanke shi da dusa sau biyu, ya zubar da dusar can bayan rumfa inda ko akuya ba ta zuwa. Lokacin kaka ne, ga bukukuwa, layin babban inji ya kai bakin titi, mata sun jera kwanuka da buhuna suna hira. A ƙaramin kuwa Kudirat ce mai sayar da abinci a bakin tasha, ta gama niƙa busasshen barkononta ɗan Gozaki, ƙananan nan ja wur da in an buɗe buhunsu sai an yi atishawa a gida uku. Ta ɗaure hanci da gyale tana kwashewa.

Sai ga Naja da robarta. Ta kalli layin, ta taɓe baki, ta wuce kowa.

"Bature, niƙa mini wannan yanzu. Na amarya ne."

"Hajiya, ga layi."

"Ni in bi layin tuwo? Ga wancan ƙaramin babu kowa."

"To bari in wanke shi da dusa. Yanzu aka sauke barkono."

"Dusa?" Naja ta juya ta kalli matan layi don su zama shaida. "Kun ji ko? Dusa zai haɗa mini da kayan fuska. An ce maka tunkiya zan yi wa kwalliya?"

"Ba haɗawa zan yi ba, Hajiya, wankewa..."

"Ka san abin da ake kira ƙwayar cuta? Ka san abin da ke cikin dusa? Ni na je inda ake karanta wannan. Zuba mini haka."

Kudirat ta sauke gyale daga hancinta.

"Anti Naja, ki bari ya wanke. Wannan barkonon ko ni da nake sayarwa da cokalin shayi nake zubawa."

"Iya Kudi, ke da miya, ni da fuska. Na taɓa zuwa tasha na koya miki tuƙa amala?"

Suwaiba ta bar buhunta a layi ta matso.

"Naja, don Allah ki saurare su. Fuska ce fa."

"Fuskar wa?"

Matan layi suka zubo ido, wasu har sun fara murmushi, don kowa ya san inda ke yi wa Suwaiba ƙaiƙayi. Ta buɗe baki. Sunan ya zo har kan harshenta ya tsaya. Ta koma bayan buhunta.

Bature ya ɗaga kafaɗa, ya ce kowa ya shaida ya faɗa, ya juye robar a bakin inji. Garin ya fito ba rawaya ba, wani irin ja-ja kamar ƙasar bulo. Naja ta ɗiba ta kai hanci. Ta yi atishawa sau huɗu a jere har ɗankwalinta ya zame.

"Kun gani?" in ji ta tana share ido. "Kurkur na asali ke nan. Na jabu ba ya sa atishawa."

Ta rufe roba ta tafi da ita gidanta. Suwaiba ta aika a ce ta kawo a ajiye mata a nan kada ta manta da shi gobe, da niyyar ta yi tuntuɓe da robar a bakin rariya. Naja ta aiko da amsa cewa sirri ba ya kwana a gidan wani. Suwaiba ta koma tana lallashin kanta. Wataƙila kaɗan ne ya shiga. Wataƙila in an dama da nono zai mutu. Ta yi ta wataƙila har tuwon yamma ya kama a tukunya.

Ranar Alhamis ce kamu. An ce dangin ango sai bayan la'asar, amma motarsu ta yi sammako, ana idar da azahar sai ga su, mata goma sha huɗu a bas ɗaya. Gaba gare su Hajiya Uwa, gwaggon ango, doguwar mace mai haƙorin Makka, wadda ko a Malumfashi ba a katse mata magana. Aka shimfiɗa musu tabarmi a inuwar darbejiya, aka kawo fura da nono a babbar ƙwarya da ruwan sanyi. Amarya tana ɗaki ko wanka ba ta yi ba.

Wata gwaggon da ta san ya kamata, da ta rufe ɗaki ta yi abin da za ta yi. Naja kuwa da ta ga mata goma sha huɗu daga wani gari, ba baƙi ta gani ba, kasuwa ta gani. Ta sa aka fito da tebur tsakar gida. Ta jera roba da kwano, kindirmo, zuma da lemon tsami. Ta miƙa wa Aisha Humaira waya ta ce ta ɗauki komai, kada ta kuskura ta tsayar ko me ya faru. Sannan ta shiga ta jawo amarya da mayafi a ka, ta zaunar da ita kan kujera a gaban surukai tun ba a kama ta ba. Tsofaffin gida suka kalli juna.

"Haske ya fi kyau a waje," in ji Naja. "Jama'ar Malumfashi, yau za ku ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Katsina. Minti goma kacal. Baƙa ta yi haske, mai ƙuraje ta yi sumul, tsohuwa ta koma budurwa."

Hajiya Uwa ta ajiye ludayi.

"Tsohuwa ta koma me?"

"Budurwa, Hajiya. Tamoji duk sai su miƙe."

"To ai baƙo ake fara ba ruwa. A fara da ni."

Suwaiba tana bakin madafa da muciya a hannu. Ta ce a ranta, wannan dai ba 'yarta ba ce, kuma babba ce, in ta ji abu za ta faɗa.

Naja ta dama garin ya yi kauri, ta matse lemo biyu a ciki. Ta lafta wa Hajiya Uwa, goshi da kunci da gefen hanci. Wasu mata biyu daga cikin baƙin suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, aka lafta musu. Don ta nuna ba ta tsoron kayanta, Naja ta kwashi mai yawa ta shafe tata fuskar har fatar ido, ta juya wajen waya tana murmushi.

Ba a yi minti ɗaya ba Hajiya Uwa ta gyara zama.

"Yarinya, ina jin kamar ɗan ɗumi."

"Alamar yana aiki ke nan, Hajiya. Fatar ce ke farkawa."

"Tawa ta farka," in ji ɗaya daga cikin matan biyu. "Ta farka har ta miƙe tsaye."

"Ku daure. Kyau ba ya zuwa a banza."

Hajiya Uwa ta ɗauki mafici ta fara fifita, a hankali, sannan da sauri. Ba ta so a ce ita ce ta fara karaya a gidan surukai. Ta dafe gwiwa, ta cije leɓe, haƙorin Makka ya leƙo. Ta biyu a cikin matan nan ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga mota.

"Saura minti nawa?" in ji Hajiya Uwa.

"Takwas," in ji Naja. Muryarta ta canza, ta yi siririya. Hancinta ya fara zuba, ido ɗaya ya rufe kansa. Ta sa gefen gyale ta share, ta ƙara tura abin cikin idon.

"Gwaggo, kuka kike yi?" in ji Aisha daga bayan waya.

"Daɗi ne. 'Yata za ta yi aure. Matso da wayar."

Aisha ta matso da ita sosai. Ba ta taɓa bin umarni da zuciya ɗaya kamar na ranar ba.

Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Naja sai ta ga in ta tsaya ta amsa laifi, don haka ta lalubi kwanon da ido ɗaya, ta cika hannu taf, ta juya wajen amarya.

"Ɗaga mayafin, 'yata. Naki ya fi na kowa kauri."

Sadiya ta ɗaga. Ta ga fuskar Hajiya Uwa, ta ga ta gwaggonta, amma amarya ba ta musu a gaban dangin miji. Ta waiga wajen madafa sau ɗaya, sannan ta rufe ido ta miƙa fuska.

Suwaiba ta ga wannan waigen. Ta ga hannun Naja yana ɗiga ja, saura ɗan taki ya isa kuncin da gobe za a kai gidan miji a buɗe shi gaban kowa. Muciya ta faɗi daga hannunta.

"Sadiya!"

Gidan ya yi tsit. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Tsofaffi suka riƙe haɓa. Ita kanta Sadiya sai da ta duba bayanta, don ba ta san sunanta da wannan muryar ba.

"Sadiya, tashi daga nan! Barkono ne! A injin barkono ta niƙa shi, a gabana!"

Kafin Naja ta ce uffan, Suwaiba ta tsallake tabarma biyu da kwanon baƙi, ta fizge 'yarta daga kujera ta tura ta bayanta.

"Yaya Suwaiba! Uwar 'yar fari..."

"Uwar 'yar fari ta yi baki yau. Taɓa ta ki gani."

Kalmar barkono ita ta kwance Hajiya Uwa. Ta yi wata ƙara da ba a taɓa ji daga bakin mai haƙorin Makka ba, ta rarrafa ta tsoma fuska gaba ɗaya cikin ƙwaryar fura da nono. Matan biyu suka yi kan randa a tare, suka yi karo a bakinta, murfi ya faɗi ya fashe. Ɗaya ta samu moɗa, ɗaya ta rasa, ta kama bokitin wanke-wanke ta juye a kai. Agwagin gidan suka watse. 'Yan Malumfashi suna salati, 'yan Funtua suna neman inda za su ɓuya su yi dariya.

Naja ta tsaya ƙyam a gaban teburinta, idanu biyu a rufe, hawaye da majina sun haɗu da kurkur suna sauka a haɓa.

"Kada kowa ya wanke," take cewa. "Saura minti shida. In an wanke yanzu an yi asara. Ba barkono ba ne, ƙarfin..."

Sallamar Kudirat ce ta katse ta. Ta shigo da kular dafa-duka da aka yi odarta don baƙi, ta ajiye, ta dubi tsakar gidan. Ta je teburin ta lakaci abin da ke kwanon da ɗan yatsa ta ɗanɗana. Ta gyaɗa kai.

"Nawa ne. Ɗan Gozaki. Shi ya sa jiya na ga awona ya ragu." Ta sake lakata. "Anti Naja, gishiri kawai ya rage."

A nan ƙafafun Naja suka yanke shawara ba da izininta ba. Ta zabura tana laluben hanya, ta ture tebur, ta yi karo da turmi. Randa akwai mutane, ƙwarya akwai Hajiya. Abin da ta samu shi ne bahon da aka jiƙa shinkafar wainar gobe. Ta durƙusa ta nutsa kai har kunne. Ta ɗago da shinkafa a gira, ta ja numfashi, ta ce, "Aisha, kashe wayar," ta sake nutsawa.

"Kin ce kada in tsayar ko me ya faru, Gwaggo."

Sai da aka ƙarar da kindirmon gidan da na maƙwabta kafin wutar ta lafa. Aka zaunar da Hajiya Uwa a inuwa, fuska ta kumbura ta yi jawur, an shafe ta da man kaɗen Sadiya, wanda aka ce na masu barcin fata ne. Suwaiba ta zo ta durƙusa gabanta, don ta tabbata bikin ya lalace.

"Hajiya, ku yi haƙuri don Allah. Laifinmu ne."

Hajiya Uwa ta buɗe ido ɗaya da ƙyar.

"Ke ce uwar amarya?"

"Ni ce."

"Kin san barkono ne tun farko?"

"Na sani, Hajiya."

"Ita kunya ta hana ki kiran sunanta, na ji wannan. To ni fa? Ni 'yar farinki ce? Me ya hana ki kira nawa?"

Wata daga cikin 'yan Malumfashi ta tuntsire, sauran suka biyo, har ita Hajiyar ta so ta yi dariya kumburi ya hana. Ta ɗaga hannu ta ce a je a shirya musu amarya, kuma duk wanda ya sake kawo wani abu mai suna gari kusa da yarinyar, da ita zai yi.

Aka nemi gwaggon amarya ta zo ta yi aikinta, aka tarar ta fice ta ƙofar baya da zane a ka. An ce a hanya ta gaya wa wata cewa Bature ne ya yi mata baƙin ciki. Bidiyon kuwa kafin magariba ya isa Malumfashi, ya riga bas ɗin komawa.

Suwaiba ce ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta kawo ruwan randa da sabulun salo ta tsaya har Sadiya ta wanke fuska. Ta murza man kaɗe a tafin hannunta ta shafa mata da kanta, abin da rabonta da yin sa tun yarinyar tana goye. Ta ja mata kwalli, ta ɗan buga hodar gwangwani, ta sa jan baki kaɗan. Ƙurjin haɓa yana nan, ta ɗora masa hoda ta bar shi.

Sadiya tana ta kallonta ta madubi.

"Umma."

"Mene ne?"

"Sake faɗa in ji."

"In faɗi me?"

"Abin da kika kira ni ɗazu."

Suwaiba ta rufe gwangwanin hoda, ta jawo mayafin ta sauke mata har ƙirji, ta gyara gefensa sau biyu duk da ba abin da ya same shi.

"Ke yarinyar nan," in ji ta, "tashi, mutane na jira."